Tsohon da Muka Zarga a Wangsa Maju

Wata safiyar Laraba, sati na biyu da kullen korona a Kuala Lumpur, ina shanya a barandarmu ta Wangsa Maju sai na hango tsohon nan ɗan asalin Sin da ɗakinsa ke fuskantar namu. Ya rusuna ya ƙura wa filin ajiye motoci ido, can sai ya miƙe zumbur ya ɗaga dunƙulallen hannu ya daka tsawa, ga wani ɗan ƙarfe a tafinsa yana ta dannawa. Shekarata goma sha biyu. Na ruga na kira Umma, ta leƙa ta bayan labule ta ce, "Wannan ƙirga mu yake yi."

Lokacin duk baƙo a tsorace yake. Abba na tsakiyar karatunsa, takardar zamanmu ta kusa ƙarewa, ofisoshi kuma a rufe. Kwana biyu bayan nan 'yan sanda suka kama maƙwabcinmu Ankul Bitrus, mutumin Jos, ya fita tapau, wato sayo abinci a ƙunshi, a shagon mamak na Indiyawa Musulmi. 'Yan Najeriyan ginin duk suka tsaya a kan tsohon ne ya kira su. Umma ta hana mu fita baranda, ni kuwa na ƙi haƙura. Na tara ɓawon ƙwai da ruwan wanke-wanke a bokiti, na ja ƙanena Sadiƙ muka je muka sheƙa wa tsohon a bakin ƙofa.

Ba mu kai ga juyawa ba ya buɗe. A bangon da ke bayansa na ga wata garkuwar fuska ta ƙarfe, da sulken ƙirji, da hotunansa rusune a bayan masu riƙe da kulki a filin wasa. Ya ce shi alƙalin wasan besbol ne, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki, tun kafin a haifi Abbanmu yake wannan aiki, ƙarfen hannunsa kuma jifa yake ƙirgawa da shi. "Bana ne zan yi alƙalancina na ƙarshe, cuta ta cinye shi. In ban motsa ido da murya ba sai su mutu su bar ni, lah," in ji shi, da irin ƙarashen maganar mutanen can. Ya miƙo mana tsumma ya ce hukuncinmu shi ne mu goge.

Umma ba ta taɓa yarda ba. "Ɗan leƙen asiri ma ai yana da hotuna," in ji ta. Da aka sassauta kullen ya riƙa yi mana alƙalanci a filin motocin, muna wasa da sandar tsintsiya da ƙwallon safa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya kai ƙarar Ankul Bitrus kuwa, har yau ba mu san shi ba.

Yanzu a Zariya nakan tsaya kallon yaran layinmu, inda mai ƙwallo shi ne alƙali, sai in ji kewar mutumin da ba ya goyon bayan kowa. Har muka bar ƙasar ban ce masa ya yi haƙuri ba.