Mai Jar Riga a Tashar Jirgi

A gidanmu na Dala tatsuniya tana da ƙamshi, ƙamshin gyaɗa a cikin yashi mai zafi. Kakarmu Inna Yalwa suyar gyaɗa take yi, kuma ba ta ɗora kasko sai an sauke tukunyar tuwo an yi sallar isha'i. Mu jikoki sai mu kewaye murhun, hannunta na juya gyaɗa da sakaina, bakinta na juya labari. Ni lokacin ina 'yar sakandare, na riga na haɗiye littattafan soyayya na aro har sun hau mini kai. Duk wanda na gani tsaye shi kaɗai, na gama yanke masa hukunci: masoyinsa yake jira.

A shekarar ne Yaya Sani ya aro kwamfuta daga shagon abokinsa ya kafa a ɗakinsa na soro. Wasa ɗaya ne a cikinta, na tuƙin jirgin ƙasa. Da na ji an ce jirgi, zuciyata ta tafi wajen hawayen bankwana da hannu yana ɗagawa ta taga. Abin da na tarar warin takalma ne da zufa, ga ɓawon rake a ƙasa, ga samari sun cunkushe kamar awaki a mota. Kuma ba tuƙi suke yi ba, ta'asa suke yi. Su ba jirgin wuta har ƙarshe, su danne hon, su jira kwanar hanya. In ya tuntsure da taragunsa sai ɗakin ya ɗauki shewa. Har yau in na tuna dariyar nan raina yana tashi.

Amma kafin kwanar akwai wata 'yar tasha, kuma a tashar akwai wata mata mai jar riga da jaka a hannu. Kullum tana nan tsaye, kullum sai su wuce ta kamar iska. A daren farko na raɗa mata suna, na ba ta miji a wani gari mai nisa, na ba shi ciwon da ba ya son ya faɗa mata. Na ƙudura a raina sai na tsayar mata da jirgin nan kafin a mayar da kwamfutar ƙarshen mako.

Da ƙyar Yaya ya ba ni kujera. Wani rubutun Turanci ya fito yana koyar da sabon shiga, ya kawar da shi da yatsa ɗaya.

"Bar wannan surutun. Danna nan ya tashi, shi ke nan."

"To in zan tsaya fa?"

"Tsayawar me? Fasinjan uban wa za ki ɗauka?"

Na danna, jirgi ya tashi. Da na hango tasha na bi maɓallai ina dannawa kamar mai tsintar shinkafa: fitila ta kunnu, abin goge gilashi ya kama kaɗawa, hon ya yi kuka. Jar rigar ta gifta ta wuce. Suka kwashe da dariya, wani ya ce Balki ta fi kowa ganganci. Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Na koma murhu fuskata a murtuke. Inna ta sa aka ba ta labari, ta taɓe baki.

"Wannan angon nawa na ƙarya, shi ya koya miki? Ai ko jaki ban yarda ya kora mini ba. Matso, takwarar uwata. Ga ta nan, mai kunne ya shimfiɗa, mai barci ya nemi ɗakin uwarsa."

Ta ce wani saurayi ne ya yi alkawari da budurwarsa ta jira shi a ƙofar gari, zai zo ya ɗauke ta a kan raƙumi kowa ya gani. Ya je wajen wani Buzu ya ari raƙumi. Buzu ya ce, "Kalma biyu ce, ta tashi da ta durƙuso." Yana jin ta farko ya haye ya faɗe ta, raƙumi ya miƙe ya ba da ƙura, Buzu na kira yana ɗaga masa hannu. Ya iso ƙofar gari, ga yarinya ta ci ado, raƙumi ya wuce. Ya zaga ganuwa ya dawo, ya sake wucewa. Duk zagaye sai ya ce, "Gani nan zuwa," ita kuma ta ce, "Ina nan." Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ranar da raƙumi ya tsufa ya durƙusa don kansa, saurayi ya sauko da furfura, ya ga wata tsohuwa zaune a ƙofar gari, ya ce, "Iya, ko kin ga wata yarinya a nan?"

"Sai me?" na tambaya.

"Sai ta ce ta gan ta, ta daɗe da tafiya. Ƙurunƙus, kusun ma ya gaji ya kwanta."

Na ce wannan ba labari ba ne, mugunta ce, a littafi da tuni sun rungumi farin ciki. Ta ce, "Littafinki bai taɓa hawa raƙumi ba. Kowane wawa ya iya tashi. Tambayi durƙuso tukuna."

Washegari da rana aka kawo wuta, samari suna wajen ƙwallo. Na toshe hanci na shiga ɗakin, na bar rubutun nan ya yi surutunsa har ƙarshe. Ashe jirgi ba keke ba ne, tun tasha ba ta bayyana ba ake rage wuta a fara jan birki kaɗan-kaɗan. Karon farko na tsaya a cikin daji, shanu na kallona. Na biyu na zarce da tarago biyu. Inna ta taso da sandarta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ba za ta shiga wannan juji ba, daga nan ma tana gani. Jirgi ya yi ta ja da ciki, ya yi ajiyar zuciya, ya tsaya daidai gaban matar. Na buɗe mata ƙofar tarago. Ta shiga, ba murmushi, ba waige.

Na ce ba komai, zumuɗi ne. Na ja ta zuwa tasha ta gaba inda na tabbata mijin yana jira. Muna isa na ga mai jar riga tsaye da jaka. Ita ce. A bayanta kusa da benci, ga wata ita ɗin kuma. Ashe mace ɗaya masu wasan suka zana suka yi ta bugawa kamar tubali, suka watsa a kowace tasha. Na ji kamar wanda ya gutsuri goba ya ga rabin tsutsa. Na yi mata kuka, na sha wari dominta, ashe ba kowa ba ce.

"Ƙarya ce duka, Inna. Ita ce dai a ko'ina. Wucewa zan yi."

"Ita ce dai, to sai me? Ba tsaye take ba? Ki tsaya mata."

Na tsaya, amma cikin ƙyama, kuma ban sake taɓa wasan ba.

Na daɗe ina ɗaukar maganar a matsayin rigimar tsofaffi. Sai da na yi aure na haihu, Inna ta tsufa har tunaninta ya fara zubewa. Ta daina gane mu. In na shiga ɗakinta sai ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce?" In faɗa mata, ta yi murna, in fita ɗebo ruwa in dawo, ta sake tambaya. Yaya Sani daga bakin ƙofa yake jefa gaisuwa ya wuce, yana cewa zama da ita ɓata lokaci ne tunda ba za ta tuna ba. Tsohuwar ƙyamar nan ta ɗakin soro takan dawo mini in na ji shi. Amma ba zan ɓoye ba, ni ma in tambayar ta yi yawa nakan ji ƙafata tana son ƙofa.

A irin lokacin nakan fara rage wuta tun daga tsakar gida. In ajiye gaggawata a bakin ƙofa, in durƙusa a gefen tabarmarta, in jira tambayar. In ta zo sai in ce, "Balki ce, Inna, takwarar uwarki," kamar yau ta fara yi mini ita.