Ramin Giris da Na Goge da Hannuna

Shekarun baya, ban jima da gama makaranta ba, abokina mai walda a Talata Mafara ya ce in zana masa famfon ban ruwa a kwamfuta. Yana so ya riƙa ƙera wa manoman Bakolori irin wanda za a iya gyarawa a gida. Ni kuwa lokacin ji nake duk Zamfara babu injiniya kamata.

Na yi zanen, irin wanda ake juyawa a kalla ta kowane ɓangare, har zaren kowace kusa sai da na fitar. Sai ya yi wa tsohuwar kwamfutata nauyi. In na taɓa shi, sai in sha shayi in dawo bai motsa ba.

A manhajar da nake zanen akwai wurin bincike da ke tace abubuwa. Ka ce ta nemo maka duk rami ko lanƙwasa da bai kai kaza ba, ta haskaka su gaba ɗaya. Na sa milimita shida. Suka fito jajur, birjik. Ban tsaya duba su ɗaya bayan ɗaya ba, na goge. Zane ya koma sumul, yana juyawa kamar ba shi ba. Na buga a takarda na kai wa abokina ina taƙama.

Cikin abin da na goge har da ɗan ramin da ake ɗura wa boris giris, wato ƙarfen da sandar famfon ke juyawa a cikinsa.

Kawuna na Janbako ya ɗauki famfon farko, saboda ni. Kwana tara yana ba albasarsa ruwa, ana tsakiyar zafin bazara, sai boris ya ƙone ya cije. Kafin mu samo wani, mu bi hanyar Janbako mai ramuka, kwana biyar sun wuce. Mun tarar da ganyen ya kwanta, ƙasa ta tsattsage.

Kawu ya gaishe mu yadda ya saba, har da tambayar mutanen gida ɗaya ɗaya. Sannan ya ce, “Ɗana, mi ya samu injin naku?”

Abokina ya kwance gidan boris yana jujjuya shi. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

“Aikin hannu ne, Baba,” in ji abokina. “Wani lokaci sai haƙuri.”

A hanyar dawowa, bisa babur, na faɗa masa abin da na yi. Sai ya ce, “Na ga babu ramin. Na ɗauka kai da ka yi karatu ka san abin da ban sani ba.”

Labari ya kai kasuwar Damri cewa famfonsa ba ya ƙarko. Waɗanda suka ce ya ƙera musu suka janye. Bayan damina ya rufe shagon ya koma Gusau, yana walda a ƙarƙashin wani.

Sai bayan shekara biyu na gaya wa kawu gaskiya. Ya ce ya yafe tuntuni. Amma manoman da suka janye ba su ji wannan ba, kuma ban taɓa zuwa na tsaya gabansu na faɗa ba.

Har yau da zane nake ci. Ina tacewa, sai dai ba na goge komai sai na buɗe kowanne na ga amfaninsa. Abokina kan kira ni duk Sallah, mu yi dariya, mu tambayi yara. Bai taɓa tayar da maganar ba. Bai kuma sake cewa in zana masa komai ba.