Layin Wayar da Aka Binne da Kawage

Shekara goma sha tara ni da Mondia muna raba bango ɗaya a unguwarmu ta bayan birnin Lae, in dai fallen kwano mai tsatsa ya isa a kira shi bango. Idan ta yi tari a ɗakinta, ni nake farkawa. Sau uku ta taɓa dukana, kuma biyu daga ciki ni na jawo wa kaina.

'Yar yankin Simbu ce, can cikin duwatsu, gajera, da kafaɗu irin na masu sauke buhu a tashar jirgin ruwa. Ta sauko daga duwatsu tana budurwa, ta auri wani direban babbar mota, motar ta faɗa kwazazzabo da shi tun ɗansu Kawage yana rarrafe. Ranar da labarin ya iso, ta ɗora ƙaramin yatsanta na hagu a kan kututture ta sare gaɓa ɗaya da adda, kamar yadda ta ga kakarta ta yi don makoki. Ba ta sake aure ba. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya ma.

Buai take sayarwa a bakin titi, wato goron ƙasarmu mai rina baki ja, ita ce kuma babbar mai taunawa a teburin nata. Bakinta kullum ja wur, kumatunta na dama kullum a cike. Na taɓa ganin wani ɓarawo ya fizge mata jakar saƙa. Ta bi shi da ƙafa ba takalmi, ta kamo shi ta bel, ta tura kansa cikin kwata ta zauna masa a baya har ta gama tauna abin da ke bakinta. Da ta dawo na ce, "Uwar Kawage, da kin bar shi ya sha iska ko sau ɗaya."

Ta ce, "Kai Kada, in ruwan ya ba ka sha'awa zo in kai ka. Ai gidanku ne."

Kada take ce mini saboda ni ɗan Sepik ne, yankin kogi mai kadoji. Ni kuma ina ce mata mutanen dutse ba su san wanka ba sai ranar da ruwan sama ya kama su a hanya. Wannan maganar ce ta jawo mini duka na biyu.

Kawage bai gado ta ba. Dogon yaro ne mai sanyi, mai dariya ƙasa-ƙasa. Da ya samu aikin gadi a wata gonar kwakwar manja can garin Kimbe a ƙetaren teku, kafin ya hau jirgi ya saya mata waya ya buɗe mata shafi a dandalin sada zumuntar nan da kowa yake ciki. Ya sa mata suna Mondia Ƙarfe. Ita ba ta karatu, don haka duk abin da aka tambaya shi ya cike, har lambar waya tasa ya saka. Ya koya mata abu biyu: inda za ta danna ta ji muryarsa, da inda za ta danna ta yi magana.

Shekara huɗu yana aiko mata da murya ta cikin shafin. Ni ma na haddace wasu, don bangon namu ba ya riƙe sirri. "Mama, yau wa kika daka?" "Mama, ki gai da Baba Kada, ki ce ya daina leƙe." Akwai wadda yake rera waƙar coci da muryarsa mai kama da ta ɗan akuya, ya tsaya a tsakiya yana dariya. Wannan takan saka ta sau biyar kafin ta fita kasuwa.

Sai aka kashe shi. Wasu sun shiga gonar satar mai, ya tare su, suka sassare shi. Gawar ta iso cikin akwati, aka kafa rumfar makoki, Mondia ta shafe jikinta da laka tun daga kai har ƙafa. Siune, ƙanin marigayi mijinta, shi ne babba a dangin uba, gawa kuma tasu ce. Shi ya tsara komai. Aka sa wa yaron kayan aikinsa da takalmansa da cokalinsa, aka zura masa wayarsa a aljihun ƙirji, don kada ya dawo gida neman abin da ya bari. Mondia da hannunta ta ɓalle maɓallin aljihun ta sake maƙala shi. Aka binne shi a tudun da ke bayan unguwa, inda mutanensu suke binne nasu.

Wata guda ba ta ce wa kowa uffan ba, muryar Kawage a waya kawai nake ji ta bango. Ranar da ta wanke lakar, ta ɗauki hoton gawar, wanda ake ganin saran a wuya, ta sa aka ɗora mata a shafinta. Ta kuma sa aka ɗora bidiyonta riƙe da adda tana faɗin abin da za ta yi wa mutanen da suka kashe shi, da iyayensu, da aladunsu. Na ce mata, "Maƙwabciya, aladun me suka yi?" Ta jefe ni da murfin tukunya.

Bayan kwana uku, da safe, na ji shiru. Can sai ga ta a ƙofata, ta miƙo mini wayar. "Kada, ya ƙi magana."

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, don haka muka tafi wurin Pokana, wani dattijo mai gyaran waya a ƙarƙashin laima kusa da tashar bas. Ya gyara tabarau ya karanta, ya ja kujerarsa baya kaɗan, don ya san ta.

"Mama, sun rufe shafin. Sun ce kin nuna jini, kin yi barazana."

"Su wa?"

"Masu shafin."

"Ina gidansu?"

"Ba a ƙasar nan suke ba."

"To ka buɗe."

"Ba ni na rufe ba, Mama. Sun ba ki kwana talatin ki kai kuka. In suka wuce, za a goge komai."

"Har muryar?"

"Har ita."

Ta kama ƙafar teburinsa ta ɗaga, wayoyin mutane suka fara zamewa. Pokana ya rungume su yana cewa, "Tsaya, tsaya, akwai hanya!" Hanyar ita ce za su aiko da lambobi shida zuwa layin da aka buɗe shafin da shi, a shigar, sannan su saurare ta. Ya karanto ƙarshen lambar: uku da takwas.

Ta sauke teburin a hankali. Ni ma na gane lambar, ta Kawage ce.

Ta je ofishin masu layi, suka ce sai mai layin ya zo da kansa ko a kawo takardar mutuwa, takardar kuwa ba ta iso daga Kimbe ba. Ta je wurin Siune, ina biye da ita don ba na son a ba ni labari. Ta durƙusa masa, abin da ban taɓa gani ba.

"Ƙanin mijina, minti biyar kawai. In ciro ɗan abin nan in mayar da ƙasa."

Siune ya tofar da jan yawu kusa da gwiwarta. "Matar yaya, kin san irin matan da suke buɗe kabari. Sati uku yaranmu suka yi suna gadin tudun nan saboda mayu. Yanzu ke za ki zo da bakinki ki ce a tone miki nama?"

"Ɗana ne."

"Jininmu ne. Ke aro aka yi ki. In na ga ƙafarki a tudun nan, ba zan tuna kin taɓa dafa mini dankali ba."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ta daina fita kasuwa. Ranar Lahadin da ya rage saura kwana huɗu, ana ƙararrawar coci, ta buga mini bango. "Kada, ara mini shebur."

Na ce, "Ki bari aƙalla gari ya yi duhu."

Ta ce, "Mayya ce ke jiran duhu. Ni da rana zan je wurin ɗana."

Ban san abin da ya kai ni ba, amma na bi ta riƙe da laima, don ruwan Lae ba ya neman izini. Ta yi haƙa fiye da awa biyu, ni ina tsaye ina kallon hanya ina roƙon Allah ya sa limamin coci ya tsawaita wa'azi. Da shebur ya daki katako, warin ya taso, na juya na amayar da abin da na ci. Ita ko tari ba ta yi ba. Na ji tana cewa, "Ni ce, Kawage, kar ka ji tsoro. Aron abu zan yi." Ta ciro wayar, ta zare ɗan fil daga rigarta ta fitar da layin, ta mayar masa da wayarsa aljihu.

A daidai lokacin wata mata mai dawowa daga gona ta hango kai yana fitowa daga rami. Ta yar da kayanta ta kwarma ihu, "Mayya! Mayya tana cin Kawage!"

Na ga Mondia ta jefa layin a baki, ta tura shi da harshe cikin kumatu.

Sun zo da kayan coci a jikinsu, wasu da adda, wasu da sandunan shinge. Na farko da ya iso ta karya masa haƙarƙari da shebur. Siune ya zo na biyu, ta sare shi a hannu, na ji ƙashin ya yi ƙara. Sai suka rufe ta. Na yi ihu, "Layin waya ta ɗauka, wallahi layin waya!" Wani ya shimfiɗa mini bayan adda a kunne, na faɗi. Da na tashi na ruga, kuma ba zan yi ƙarya in ce tun farko taimako na tafi nema ba. Sai da na kai gindin tudu kunya ta kama ni, na juya zuwa coci.

Kafin mu dawo da limamin da matan zumunta da 'yan sanda biyu da muka tare a titi, sun ɗaure ta a jikin bishiyar mangwaro. Sun hura wuta sun sa ƙarfen rodi a ciki. Siune, hannunsa na lilo, yana cewa, "Faɗi abin da kika ci! Buɗe baki!" Suna ɗora mata ƙarfen a cinya, a baya, hayaƙi na tashi, ita kuwa ta damƙe haƙora, ko nishi ba ya fita sai ta hanci. Su kuma suna cewa, "Kun gani? Mutum ne zai ji wannan bai yi kuka ba?" Sai da ɗan sanda ya harba bindiga sama sau biyu suka watse.

A asibiti ma ta ƙi buɗe baki, nas tana roƙo tana roƙo. Sai da ta gan ni. Ta kamo hannuna ta tofa mini jini da haƙori ɗaya da ɗan layin nan a tafi.

"Kada," ta ce, da kyar nake ji, "in ka yar da shi, zan tashi."

Pokana ya wanke shi da ruwan sanitaiza, ya busar, ya saka a wata tsohuwar waya. Muka zuba ido. Sandunan sabis suka hau ɗaya bayan ɗaya, saƙo ya shigo, lambobi shida. Dattijon nan ya yi tsalle har tabarau ya faɗi. Ya shigar da su, ya rubuta kukan da Turancinsa mafi kyau: uwa ce, an kashe mata ɗa, ba ta karatu, muryarsa kawai take so, a riƙe shafin ma in ana so. Ya karanta mini sau biyu, ya aika.

Na ɓare buai ɗaya na jefa a baki. Ban gama tauna shi ba amsa ta dawo. Pokana ya karanta a zuci, ya cire tabarau.

"Sun ce sun duba. Hukuncin yana nan. Ba a sake kai kuka."

Na ce, "Yaushe suka duba?"

Ya ciro layin ya naɗe mini a takarda.

Na zagaya asibitin sau uku kafin in shiga. Duk hanya ina shirya ƙarya, cewa an ce a jira wata shida. Da na tsaya a bakin gadon, tana kwance rub da ciki saboda ƙunar bayanta, ta juyo ido ɗaya ta dube ni.

"Ba ka tsokane ni ba," ta ce. "Sun hana ke nan."

Na ce, "Sun hana."

Na ɗauka za ta yi ihu ko ta jefe ni da kwanon magani, har na matsa kusa don ta same ni. Sai ta ce, "Layin yana ina?"

Na nuna mata.

"Na ce masa aro ne. Ka mayar masa."

Ita ba ta sake taka unguwarmu ba. Wanda aka taɓa ɗaurewa a bishiya ba ya komawa, ko da kowa ya san abin da ta ɗauka. Wata ƙanwarta ta zo ta tafi da ita garin Madang, na ji tana sayar da buai a can, tana ɗingishi, kuma ba ta riƙe waya.

Ni kuwa washegari na hau tudun da tsakar rana. An mayar da ƙasa, Siune yana zaune a gefe da hannu a filasta da adda a cinya. Ya ce, "Kai ma naman kake so, Kada?"

Na ce, "Mu kifi muke ci, ranka ya daɗe. Saƙo na kawo wa yaro."

Na buɗe takardar na nuna masa. Ya kalli abin, ɗan ƙarami, bai kai farcen yatsa ba, da sauran ja a gefensa. Na durƙusa wajen ƙirjin kabarin, na danna shi cikin laka da babban yatsa iyakar inda yatsan ya kai, na rufe ramin da tafin hannu.