Kwalbar da Ba Ta Son Haske

A shekarar da na fara digiri na biyu a Gusau, malamin da ke duba aikina ya damƙa mini wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba, da ruwa shunayya a ciki. Furotin ne da ake samu a jikin wasu ƙwayoyin halitta masu zama a ruwan gishiri. Idan haske ya taɓa shi, sai ya tura ƙwayar haidurojin daga ciki zuwa waje kamar famfo, yana sauya launi mataki-mataki har ya koma yadda yake, duk kafin a ƙifta ido. Aikina in auna lokacin da kowane mataki ke ɗauka. Aƙalla haka na fahimta, ban ce na fahimci duka ba.

Da hutun babbar sallah ya zo, za a kashe injin wuta na ɗakin gwaji, Malam ya ce in tafi da kwalbar gida in ajiye ta a sanyi da duhu. Furotin da ya huta cikin duhu halinsa ya ɗan bambanta da wanda ya ga haske, kuma awonsa shi ne rabin babina na uku. Na'urar walƙiyar da za mu auna da ita ta aro ce, washegarin dawowarmu da azahar za a mayar da ita. Littattafai sun ce 'yan sa'o'i cikin duhu sun isa, amma a sanyi abin ya fi jinkiri, don haka na yanke wa kaina kwana biyu cur, saboda tsaro.

Na naɗe kwalbar da baƙar leda, na sa a baƙar safa, na sa a gwangwani, na kai Bungudu a kan cinyata. Randar da ta fi sanyi a gidanmu tana ɗakin kakata, ga ɗakin ba taga. Na fara yi mata bayanin famfo, ta ɗaga mini hannu.

"Maigida, bar wahal da bakinka. Wanga ai magani na mai sharaɗi. Kada shi ga rana, ko ba haka ba?"

"To, kusan haka ne, Kaka, sai dai ba magani ba ne."

"Duk haka kuke cewa. Kakanka ma haka ya ce sa'ad da na kama shi da laya."

Ta ƙara nata sharuɗɗan, kada ya taɓa ƙasa, kada a tsallake shi. Ban hana ba, na ga ba za su cutar ba. A gaskiya hankalina ya kwanta, domin ban taɓa samun wanda ya ɗauki aikina da muhimmanci haka ba.

Kwana uku ana suyar nama, 'yan yawon sallah na shiga suna fita. Ranar komawata da hantsi na je yi wa Kaka sallama, na tarar labule a sake, ƙofa a rufe, ana ƙus-ƙus. Na tura. Gwaggona ta Tsafe ce tsugune, kwalbar na hannunta tsirara, ta dallare ta da tocilan waya, maƙwabta biyu na leƙe ta kafaɗarta.

"Gwaggo!"

"Kai, rufe ƙofa, ɗana! Rana za ta shigo!"

Na ce ai tocilan ma haske ne. Kaka ta ce tun da take ba ta taɓa jin sharaɗin da ya hana tocila ba. "Ko sau guda ba mu bari ta ga rana ba. Duk wanda munka gwada ma, sai mun rufe ƙofa."

"Mutum nawa kuka gwada wa?"

Suka fara lissafi da yatsu. Akwai matar liman, akwai baƙin Mada, akwai wata amarya da ta ce launin ya dace da leshinta, ta dawo da ƙawarta. Sun kai goma sha ɗaya suka fara gardama. Gwaggo ta tambaya ko na farin jini ne, in ɗiga mata kaɗan a kwalli.

A mota na yi ta lissafin sa'o'in da suka rage, ta kowace hanya bai kai kwana biyu ba. Na yi tunanin in yi shiru, na kasa. Na tsaya gaban Malam na ce mai yiwuwa, ban tabbata ba, furotin ɗin ya ɗan ga haske.

"Sau nawa?"

"Goma sha ɗaya, ranka ya daɗe, ko sha biyu. Akwai saɓani."

Ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari. Ya ce kakannin abin nan a tsakiyar rana suke rayuwa, tocilan Gwaggo ba zai kashe shi ba. Tunda ya riga ya ƙoshi da haske, yau mu auna na haske, mu rufe shi a akwati ba sanyi, gobe da safe mu auna na duhu. Ban san yadda aka yi wannan bai zo mini ba tun daga Bungudu.

Da safe muka auna, layukan suka fito yadda ake so, ko kuma kusa da haka. A babi na uku na rubuta cewa kafin awo an haska furotin ɗin da fitilu iri-iri waɗanda ba a auna ƙarfinsu ba. Malam ya soke jimlar da jan biro. Na mayar da ita a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe.