Inda Na Nuna wa Kafinta Ya Huda

Makon jiya hannun ƙofar ɗakina ya saki. Ka danna shi ya tafi ƙasa, ya ƙi dawowa. Na kira kafinta ya zo da sabo, ya kwance tsohon, ya ɗan faɗaɗa ramin da kurfi, ƙarfen nan na sassaƙa. Ina tsaye ƙanshin tsohon katako da aka sassaƙa ya bugi hancina, sai na sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama. Bari in gaya maka dalili, mai karatu, ko da yake labarin ba ya ƙara mini daraja.

A gidanmu na cikin Daura, in ka wuce zaure na farko, akwai wani ɗaki a hannun dama inda Kaka, mahaifin babana, yake ajiye littattafansa. Kyauren ɗakin na katako ne mai kauri, ya yi baƙi saboda shekaru. Ba shi da hannu irin na yanzu. Ƙawanya ce ta maƙera ake ja, sai sarƙa da kwaɗo. Da damina yakan kumbura, sai ka sa kafaɗa kafin ya buɗe, warin danshi da na tsohuwar takarda su tarbe ka.

Amma darajar kyauren nan a bayansa take. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu, ranar suna bayan jama'a sun watse, Kaka zai fiƙe alƙalami, ya dama tawada mai ƙaro sosai, ya rufe ƙofa, ya rubuta sunan yaro da rana da wata a jikin katakon da ajami. Yakan ce takarda gara na cinta, ana kuma aronta, kyaure kuwa ba mai ɗauka ya tafi da shi. In gardama ta tashi a cikin gida kan wa ya girmi wa, sai ka ji iyayenmu mata sun ce, a je a duba kyaure. A jikinsa na fara haɗa baƙi da wasali, ina bin sunayen 'yan'uwana da yatsa.

A nan kuma na fara sanin ƙyashi.

Nawa rubutun layi ɗaya ne tak. Sunana, ranar Talata, watan Rajab, shi ke nan. Na ɗan gwaggona kuwa layi huɗu ne cur, can wajen bakin kyauren, daidai ƙirjin babban mutum. Bayan sunansa da ranarsa, Kaka ya bi shi da doguwar addu'a: Allah ya raya shi, ya ƙarfafa ƙashinsa, ya sanya shi cikin ma'abota Alƙur'ani, ya sa ya zama sanyin idon iyayensa. Duk cikin jikoki babu wanda aka yi wa haka.

Ɗan gwaggon nan sa'ana ne, taubashina. Daga Baure aka kawo shi karatu wajen Kaka. Siriri ne, ba ya iya ɗaukar tulu, amma bakinsa ya fi barkono. In ya same ni a bayan ƙofar sai ya ce, “Kai mai layi ɗaya, zo ka karanta mini nawa. Ni idona yana gajiya kafin in kai ƙarshe.” Nakan yi dariya don kada a ce ban san wasa ba. In ya fita sai in koma in sake karanta layukan, ina neman abin da ya fi ni da shi. Na karanta su ya fi a ƙirga.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ina da kamar sha biyu. Zauren Kaka ya cika da mutane, wannan na tambayar rabon gado, wancan na tambayar zakkar dabbobi. Masu aron littafi suka yawaita, wasu littattafan suka fita ba su dawo ba. Sarƙar ta cinye, ƙawanyar tana lilo, kwaɗon ko ba mabuɗi in ka fizge shi buɗewa yake. Sai Baffa, ƙanin babana, ya dawo daga kasuwar Mai'adua da sabon hannun ƙofa mai ruwan zinariya, da makulli a jikinsa, da hinji uku na rataya kyaure, da mabuɗi biyu a zare ɗaya. Ya ce ɗaya na Kaka ne, ɗayan kuma Kaka ya ba yaron da zai riƙa kula da ɗakin.

Tun daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai mabuɗin nan. Ni nake share ɗakin, ni nake shanya littattafai in sun yi danshi. Amma kullum na tuna layuka huɗun nan sai in ce a raina, ai an riga an gama zaɓe tun muna cikin zanen goyo.

Ranar wata Alhamis aka kira kafinta. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙanshi, tsakar gida duk sawun kaji. Kaka zai je ta'aziyya wani ƙauye, ya ce ɗan gwaggona ya ɗauko buzu da buta ya bi shi. Ni kuma ya ce, “Abokina, kai tsaya. Mutumin nan boko ya yi, ba ya karanta rubutunmu. Ka nuna masa inda babu komai.” Yau na san amana ya ba ni. A ranar abin da na ji kawai shi ne an tafi da wani an bar ni.

Kafintan ya sauke kyauren, ya cire tsofaffin ƙarafan da tsatsa ta ci, ya ɗaura sababbin hinji, ya mayar da shi. Ya zare ƙawanyar da ƙyar, yana tsaki yana yabon maƙeran da. Sannan ya ɗora hannun ƙofar a bakin kyauren yana gwadawa sama da ƙasa.

“Jikan Malam, nan ko nan? Duk ɗaya ne a wurina. Kar dai in ci wa Malam abu mai amfani.”

Akwai fili, taƙi guda a ƙasa, katako wankakke babu ko ɗigo. Na gan shi sarai. Na ɗaga yatsa na ɗora a kan layuka huɗun.

“Nan. Wannan gwajin alƙalami ne kawai.”

“Ka tabbata? Ya yi kyau da yawa a ce gwaji ne.”

“Haka Kaka yake gwadawa.”

Ya yi bisimilla ya sa kurfi. Ina kallo sunan ya tashi a sassaƙe na farko, addu'ar ta bi shi guntu-guntu. Abin da kurfi bai ci ba, farantin hannun ya rufe. Zan so in ce maka na ji nadama nan take. Ban ji ba. Wani sanyi na ji a zuciyata, Allah ya yafe mini.

Bayan la'asar suka dawo. Kaka ya danna hannun sau biyu, ya yi murmushi, ya sa wa Baffa albarka. Sai ya shiga ya tura ƙofar don ya ga bayanta. Ya shafa farantin da ya rufe wurin layukan. Kafintan yana tattara kayansa ya ce, “Allah gafarta Malam, yaron ya ce wurin gwajin alƙalami ne.” Kaka ya ce masa ba laifinsa ba ne, ya sallame shi.

Daga nan tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa a ƙasa ya shiga tsince sassaƙen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa, saboda akwai sunan Allah a jikinsu. Na sunkuya zan taya shi. Bai dube ni ba ya ce, “Bari.” Da bulala ya ɗauko da ta fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi ya kira ni ɗakin. Ya riga ya fiƙe alƙalami ya dama tawada. Ya nuna filin nan da na ƙi nunawa.

“Hannuna rawa yake yi yanzu, kuma na manta yadda na tsara shi. Kai fa?”

Na ce a hankali, “Na haddace.”

“Na sani. Rubuta.”

Ina rubutu yana magana, kamar da bango yake yi. Ya ce bakwaini aka haifi ɗan gwaggona, a gidan nan, bai cika tafin hannu biyu ba, a cikin auduga aka naɗe shi. Ba wanda ya zaci zai kai ranar suna. Shi ya sa ya roƙa masa duk abin da ya zo bakinsa. “Kai kuwa da ka faɗo ka tsala ihu har makwabta suka san an haihu. Me zan tsaya roƙa maka a jikin katako?”

Da na gama ya duba, ya gyara mini wasali ɗaya. Sannan ya kira ɗan gwaggona, ya kunce zaren, ya miƙa masa mabuɗi na biyu a gabana. Ya juyo ya ce, “Kai na yi niyyar ba, abokina. Jiya ka ba shi da hannunka.”

Kada ka ɗauka ƙyashin ya mutu a ranar. Taubashina ya rataya mabuɗin a wuya, in zai wuce ni sai ya fito da shi saman riga. Shekara shida, duk littafin da nake so sai na nemi izininsa, shi kuma sai ya ce in fara karanto masa layukansa da ka.

Kaka ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa. Gidan yanzu duk ƙofofin ƙarfe ne, tawada ba ta zama a jikinsu. Ranar haihuwa a waya ake ajiyewa, in wayar ta ɓata a shiga tambayar uwa. Da aka rushe ɗakin littattafan, ɗan gwaggona ya ɗora kyauren a mota ya kai Baure, yana jingine a zaurensa. Duk sanda na je nakan ji ƙyashin nan ya ɗan motsa, sai in yi istigfari.

Nawa 'ya'yan guda biyar ne. A bangon littafin da Kaka ya bar mini nake rubuta su, da ajami, da tawada mai ƙaro. Kowa layi biyu, ba ƙari ba ragi, har wadda ta zo da rashin lafiya muka yi wata a asibiti. Sauran addu'arta a sujada na yi mata. Na san akwai ranar da za su iya karatu, kuma na san za su ƙirga.