Kafaɗun Baba a Jikin Bango

Shekarar da aka samu mulkin kai na gama lakol, makarantar boko, na komo gida Gazawa, ina jiran a faɗa mini garin da za a tura ni koyarwa. Zama ba halina ba ne. Na share tsakar gida har Inna ta ce in rage mata ƙasar da za ta taka. Gari duk maganar sabuwar tuta ake, ni kuwa tarin Baba kaɗai kunnena ke ji. Tun da aka cire gyaɗa ɗari ya sauka tarin ya kama shi. Riga uku yake zubawa, amma babbar riga ƙofa gare ta kowane gefe, iska ta shiga nan ta fita can.

Na ce zan saƙa masa tirko, rigar sanyi mai kama jiki irin wadda madam ta koya mana a lakol. Ulu sai kantin Maraɗi, kuɗinsa kuma ba na gidanmu ba ne. Amma Kaka, mahaifiyar Baba, tana kaɗi, kwandonta cike da zaren auduga mai kauri wanda masaƙa ke tayawa a wulaƙance. Na kwashe. Na zare ƙarafa biyu daga tsohuwar ƙafar keke, na goge bakinsu a dutse, suka zama tsinkayen saƙa. Zaren sili ɗaya karkacewa yake, dole na riƙa haɗa biyu ina murzawa a cinya. Kaka tana kallo tana cewa an kai ni birni shekara da shekaru don in koyo saƙar komar kifi a garin da babu gulbi.

Inda abin ya tsaya shi ne awo. Ni ce ɗiyar fari. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. In ruwa yake so sai ya faɗa wa iska a kawo ruwa, ni kuma in kawo. Na ɗauki hularsa na san faɗin wuyan da zan bari. Rigunansa ba su gaya mini komai ba, don kowace za ta ɗauki mutum biyu.

Wata safiya yana zaune bisa tabarma yana shan hantsi, ya ba ni baya. Na tsinko zare na lallaɓa, nufina in miƙa daga kafaɗa zuwa kafaɗa in gudu. Ban san tsohuwa Kaka na da sauri haka ba. Ta fizge zaren ta dunƙule cikin hannunta.

“Ke, ɗana da ransa za ki auna? Da farin zare?”

“Riga ce fa, Kaka. Tela ma awo yake yi.”

“Nuno mini telan da ya auna mai tari.”

A garinmu ba a gwada tsawon mutum sai ranar da ya cika, a kai wa masu haƙa kabari karan awon. Na sani sarai, na dai ɗauka lakol ta fid da ni daga wannan. Baba bai waiwayo ba. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Na roƙi Inna ta auna mini shi da taƙi in sun kaɗaita, ta ce in nemi wata uwar.

Sai na koma awo da ido. In zai wuce ƙofar zaure na duba inda kafaɗarsa ta kai, in ya miƙa hannu ɗaukar buta na ƙiyasta. Na saƙa, na haɗa, na ba Inna ta kai masa. Ba a jima ba ta komo da ita a wuyan hannu. Ta ce kai ya shiga, amma a hammata ta cije, auduga kuwa ba ta miƙewa, sai da ta ja ta kamar mai fiɗar akuya. Kaka ta yi dariya har mazarinta ya faɗi. Na zauna na warware duka, zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya, haushi ya cika ni.

Cikin wannan aka aiko cewa Cadakori aka ba ni, in bi kamiyo, babbar motar kaya, ranar kasuwa mai zuwa. Na tsaya tsakar gida, na fuskanci bango yadda shi yake yi, na ɗaga murya.

“Ni dai tafiya zan yi. Wanda ba ya son a auna shi, ya zauna da tarinsa.”

Inna ta kama baki. Daga ɗakin Baba har tarin ma ya tsaya.

Washegari ake yaɓen bangon zaure. Da masu aikin suka tafi cin fura, ina bakin ɗaki ina ta juya tsinkaye babu abin saƙawa, sai na ga Baba ya fito. Ya duba hagu da dama. Ya tuɓe rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya jingina bayansa da ɗanyen yaɓe, ya ware hannuwa, ya danna. Ya ɗan jima haka cikin sanyin. Sannan ya ɗago, laka shafe da bayansa, ya kwashi rigunansa, ya ce wa iska:

“Wannan yaɓen bai yi ba. A zo a duba kafin ya bushe.”

Na zo da zarena. Ga kafaɗu, ga tsawon hannu, ga inda ƙugu ya tsaya. Ya fi yadda na zata faɗi, amma ƙasusuwan bayansa sun nutse cikin lakar ɗaya-ɗaya, har ina iya sa yatsa a gurbinsu. Abin da babbar riga ta ɓoye mana ke nan. Kaka ta ga komai, ta ce ita bango ta ga ana aunawa, amma farar riga dai ba za ta shiga jikin ɗanta ba.

Na saƙa a tsaye, na saƙa ina tafiya, na saƙa tuwo na hucewa gabana. Yatsana ya fashe na ɗaure da tsumma. Zare ya ƙare mini a hannun hagu kafin ya kai wuyan hannu, na rufe shi haka nan, na ruga marina aka tsoma ta a shunin baba. Da sauran danshinta na miƙa wa Inna. Wannan karon ba ta komo da ita ba, ba ta kuma ce mini ta shiga ko ba ta shiga ba. Na tambaya, ta ce in je in ɗaure kayana.

Uba ba ya rakiyar ɗiyar fari. Ina bisa kamiyo tsakanin buhunan gyaɗa na hango shi can ƙarƙashin itacen bedi cikin dattawa, da babbar rigarsa kamar kullum. Na miƙa wuya, na tashi tsaye, wata mata ta ce in zauna kafin in faɗo mata a ka. Ba na ganin komai sai farin yadi. Mota ta tashi. Sai ya ɗaga hannun dama wai gyaran hula, rigar ta zame, ga baƙin shuɗi ya kama wuyan hannunsa cif. Ya bar hannun a sama fiye da yadda hula ke bukata. Na hagun bai ɗaga ba.

Kafin mu kai Cadawa na kwance ƙullina. Kaka ta cusa mini sabon zare ciki ban sani ba. Na zaro tsinkaye na fara ƙarin hannun hagu, mota na jijjiga, saƙar na kuɓucewa, ina tsintowa.