Sunan da Na Yanke

Shekara shida na yi ina tura wa mutane waƙoƙi a waya, a wata rumfa kusa da Ƙofar Atiku. Duk waƙar da ta shigo hannuna sai in yanke farkonta, inda mai ita yake faɗin sunansa, in ɗora muryata ina tallar rumfata. Haka kowa ke yi a layinmu, ban taɓa ɗaukar abin sata ba.

Akwai wani tsoho makaɗin kalangu da ya yi wa mahaifina kiɗa lokacin yana fawa. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga situdiyo, ya yi waƙar mahauta. Da hannunsa ya kawo mini faifan in saka masa a waya. Na saka, na ɓoye kwafi a kwamfutata, na yanke sunansa kamar na kowa a wadda nake tura wa mutane.

Waƙar ta bazu har Kano. Wani mawaƙi ya ɗauke ta, ya cire muryata, ya ƙara fiyano, ya ce tasa ce. Mahauta suka shiga yi wa tsohon ba'a, wai shi ne mai kwaikwayo.

Wata rana da hantsi ya zo rumfa, kalangu a rataye.

"Ɗan abokina, ina sunana yat tahi?"

"Baba, haka sana'ar take."

"Ubanka ya yi shekara talatin cikin kara, kasuwar shanu, bai taɓa goge shaidar da wani yas sa ma bajimi nai ba."

Da ya tafi na shiga neman asalin waƙar. Faifansa ya karce, wayarsa ta ɓace, situdiyon ya rufe. Cikakkiyar waƙar tana wuri ɗaya, cikin tsohuwar kwamfutata da ta mutu. Na kai ta wurin mai gyara a unguwar Gidan Dare, na yi ta sintiri har ya ciro ta.

Na ɗauki lasifika na tafi kwata. A gaban mahauta na kunna, suka ji tsohon yana faɗin sunansa da na ubansa kafin ya buga kalangu. Na ce musu ni na yanke, ba kowa ba.

Daga nan na dasa sunan a wuri uku a tsakiyar kiɗan, yadda duk wanda ya taɓa shi sai waƙar ta lalace. Na bi layinmu rumfa-rumfa, ina roƙo a goge yankakkiyar a karɓi wannan. Mutum biyu sun ƙi, suna kirana sabon malami. Kowace safiya nakan tsaya musu da ita a hannu kafin in buɗe rumfata.